Laifin Kwalba

Fiye da shekara ashirin ta yi tana wanke kwalabe a matatar ruwan datti da ke bayan gari, har sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutane, kowa Mai Kwalba yake ce mata. Ko takardar hutu aka kawo daga ofis, masinja leƙowa yake ta taga ya ce, "Ina Mai Kwalba?" Ita kuwa abin bai taɓa damunta ba. Takan ce ai ita sai godiya, tunda akwai wanda ake kira Mai Taɓo a can bakin tankin farko, kuma da gudu yake amsawa.

Duk ruwan da garin ya gama da shi nan yake zuwa. Na wanka, na wanke-wanke, na bayan gida, na kasuwa, na mahauta, na asibiti, duk su haɗu a wani ƙaton bututu su shigo baƙi ƙirin, da warin da baƙo ba ya iya tsayawa kusa da shi. Sai ya bi ta ragar ƙarfe ta tare tsummoki da ledoji, ya zarce tanki bayan tanki, dattin yana kwanciya, har ya iso tanki na ƙarshe ya yi haske kamar ka ɗiba ka wanke fuska. A nan ake sakar masa kulorin, wanda ma'aikata ke kira magani kawai, don ya kashe ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Daga nan a sake shi ya bi magudana, ya fita ta ƙarƙashin katanga, ya gangara wajen masu lambu.

Aure ne ya kawo ta wurin. Mijinta, wanda abokan aiki ke kira Dogo, shi ne mai kula da tankin ƙarshe a lokacin, aka ba shi ɗaki biyu a layin gidajen ma'aikata, cikin katangar matatar. Watan farko ko abinci ba ta iya haɗiya. A wata na shida ta daina jin warin gaba ɗaya, sai in 'yan uwanta sun zo ziyara ta ga suna toshe hanci da gefen mayafi sannan ta tuna. A ɗakunan nan ta haifi 'ya'yanta huɗu, biyu suka rayu, namiji da mace. Da aka rasa mai wanke kwalaben ɗakin gwaji, domin wanda ke yi ya fi fasawa a kan wankewa, Dogo ya ce a gwada matarsa. Aka gwada ta sati guda, ba a sake neman wani ba.

Shekara goma sha huɗu bayan haka, wata safiya bututun magani ya tsage a ɗakin da ake ajiye tulunan maganin. Dogo ya ɗaure jiƙaƙƙen tawul a fuska ya shiga ya rufe famfon. Ya fito da ƙafarsa, amma ƙirjinsa bai sake komawa daidai ba. Matakala uku in ya hau sai ya zauna ya huta. Aka sallame shi da takardar yabo mai gilashi, aka ba wani Gajere aikinsa, ma'aikata suka yi ta dariya wai Dogo ya tafi Gajere ya zo, aikin ne ya ragu ko me. A ƙa'ida, wanda ya bar aiki ya bar gida. Sai dai tunda matarsa ma'aikaciya ce, aka mayar da ɗakunan kan sunanta. Tun daga ranar, rufin da ke kansu ya rataya a hannuwanta biyu da burushin kwalba.

Wurin aikinta wani siririn ɗaki ne a bayan ɗakin gwaji, in ta miƙe hannu biyu sai ta taɓa bango da bango. Kwamin wanki biyu, kanta uku, tukunyar tururi mai murfin ƙarfe a lungu, sai taga guda can sama wadda ba ta nuna komai sai jikin tanki. Ba ta iya karatu ba, amma ta san inda allurar tukunyar za ta tsaya, ta san sautin da take yi in ta kai. Kowace kwalba sai ta sha sabulu da burushi, a ɗauraye sau uku da ruwan famfo, sau uku da tataccen ruwa, sannan ta ɗaga ta a saitin taga. In ɗigo ɗaya ya maƙale a jiki bai zame ba, to akwai saura, a koma farko. Gajere in ya zo karɓar kwalaben ɗibar ruwa yakan tsaya a ƙofa ya ce, "Yaya, kwalaben nan naki sun fi kofin shayina tsafta." Ta ce, "Ai ko takalmina ya fi kofin shayinka tsafta."

Malamar gwaji mace ce mai kamar shekara arba'in, mai tabarau, marar yawan magana. Mama take ce mata. Ita ce ta fara nuna mata abin da ake yi da ruwan da ake kawowa cikin kwalaben. Akwai 'yan farantai na gilashi masu murfi, a zuba musu wani abu mai kama da daskararren kitse, a sa ruwan a kai, a ajiye a akwatin ɗumi ya kwana. Washegari sai a ga ɗigo-ɗigo sun fito.

"Kowane ɗigo da kika gani, Mama, jiya ƙwaya ɗaya ce. Ta kwana tana haihuwa, ta tara zuriya, shi ya sa ido ya gan ta."

"Ikon Allah. Ba miji ba komai?"

"Ba miji ba komai."

"To ai ta huta."

Ran nan ne ta fara jin Malama ta yi dariya da ƙarfi. Daga nan, kullum kafin ta sa farantan a tukunyar tururi sai ta duba su. Ba ta san rubutun da ke jiki ba, amma ta san masu jan layi na tankin ƙarshe ne. Shekara da shekaru farantan jan layi fes suke fitowa, ko ɗigo biyu, ko uku, wani lokaci babu ko ɗaya. In ta ga haka takan ji daɗi kamar ita ta kashe su.

Sai gari ya girma. Aka yi sababbin unguwanni ta gabas, aka jona bututunsu da na matatar. Ruwan da ke shigowa ya ninka, tankunan kuwa suna nan yadda aka gina su. A hankali farantan jan layi suka fara canzawa. Ɗigo goma, ashirin, har wata safiya ta ɗauki ɗaya ta ga kamar an watsa masa yashi. Ta ɗauka kuskure aka yi wajen jan layin. Ta kai wa Malama.

"Wannan na tankin farko ne aka sa wa ja?"

Malama ta cire tabarau ta murza ido. "Na ƙarshe ne, Mama."

"Gajere ba ya zuba magani ne?"

"Yana zubawa. Har ƙari aka yi."

"To me ya hana su mutuwa?"

Malama ta ɗauko kwalba guda mai ruwan da aka ɗebo da safe, ta girgiza, ta ɗaga a haske. "Duba sosai. Kin ga 'yan ɓurɓushin nan da ke yawo? Da can kwanciya suke yi a tankunan baya, yanzu ruwa ya yi musu gudu, ba sa samun zama. A cikinsu ƙwayoyin suke dunƙulewa. Magani ya ƙone na waje, na tsakiya ko a jikinsu. Wasu kuma ba mutuwa suke yi ba, suma suke yi. Su fita magudana, maganin ya salance, su farfaɗo su ci gaba da harkarsu. Ga kuma lokaci. Kamata ya yi ruwa ya yi rabin awa tare da magani. Yanzu ban ce yana yin minti goma ba."

Da ta koma gida cin abincin rana, ta tarar da Dogo a kujerarsa ta bakin ƙofa, inda yake wuni yana kallon tankin da ya bari. Ta zuba masa, ta zauna, ta faɗa masa abin da Malama ta ce. Ya daɗe yana tauna kafin ya yi magana, domin yanzu numfashi da magana ba sa haɗuwa a lokaci ɗaya.

"A zamanina," ya ce, "ganye nake jefawa a mashiga. In je in yi salla, in dawo, in sha ruwa, sannan ya iso mafita. Ki ce wa Gajere ya jefa ki gani."

Da yamma ta je ta sa Gajere ya jefa. Suna tsaye suna kallo, ganyen ya bi kwana-kwanar tankin kamar ana korarsa. Gajere bai gama ba ta labarin ciwon haƙorin matarsa ba ganyen ya faɗa magudana. Ya sosa ƙeya.

"Yaya, ni dai abin da aka ce in zuba nake zubawa."

"Na sani."

"In na ƙara fiye da haka, masu lambu su zo su ce na ƙona musu shuka. In na rage, Malama ta harare ni. Ni ina zan sa kaina?"

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne, 'yarta tana can ƙasan magudanar. Mai lambu take aure, da ruwan nan yake ban ruwan latas da kabeji da tumatir, a cikinsa yake wanke su kafin ya kai kasuwa, 'ya'yansu uku kuma a bakinsa suke wasa. Ƙaramar, mai shekara huɗu, sau biyu a damina ɗaya ana kwantar da ita asibiti da gudawa. Ranar hutunta Mai Kwalba ta shirya ta tafi. Ta sami surukin nata a cikin magudana, ruwa har gwiwa, yana gyara bakin tiyo. Ya fito da sauri ya durƙusa ya gaishe ta. Ta rasa ta inda za ta fara, domin maganar ɗakin gwaji ba a fitar da ita waje, tun ranar da aka ɗauke ta aka gaya mata.

"Ruwan nan," ta ce, "ka hana yara shiga. Kuma ka daina wanke kaya a ciki."

"Wani abu ya faru ne, Inna?"

"Ni dai na faɗa maka."

Ya dubi ruwan, garau, har ana ganin duwatsun ƙasa. Ya dubi lambunsa, kore shar tun daga nan har gindin tudu. "Inna, ai ku ne kuke tace shi. In ban yi da wannan ba, da wanne zan yi? Rijiyar da na haƙa gishiri ta ba ni."

Ya cika mata kwando da latas, ta karɓa don kada ya ji kunya, ta ɗauko a ka har gida tana jin nauyinsa ya fi na kullum.

Bayan wata uku aka ce masu bincike za su zo daga hedikwata. Ranar Litinin masinja ya leƙo ta taga ya ce Manaja na kira. A shekara ashirin da uku sau biyu kawai ta taɓa shiga ofishin, shi ya sa ta wanke hannu, ta gyara ɗankwali, ta cire takalmi a ƙofa ko da yake ba a ce ta cire ba.

Manaja ba mugun mutum ba ne, kowa ya shaida. Lokacin da Dogo ya shaƙi maganin, a motarsa aka kai shi asibiti. Ya nuna mata kujera, ta zauna a bakin-baki. Ya tambayi jikin Dogo, ya tambayi yara. Sannan ya jawo wata takarda ya ɗora hannu a kai.

"Baba, kin san halin da ake ciki. Sau bakwai ina rubuta wa na sama cewa tankin nan ya yi mana kaɗan. Ko amsa ba a ba ni ba. Yanzu in mutanen nan suka zo suka ga sakamakon wata ukun nan, kina tsammani tanki za su gina? Mutum za su nema. Da Gajere za su fara, mai 'ya'ya tara. Daga shi sai Malama, sai ni."

"Allah ya kiyaye, ranka ya daɗe."

"Amin. To akwai hanyar da ba wanda zai rasa abincinsa." Ya juyo takardar ta fuskance ta, ko da yake ya san ba za ta karanta ba. "An rubuta cewa sakamakon ba abin dogaro ba ne, saboda kwalaben da aka ɗebi ruwa da su ba su wanku sosai ba. An yi wa mai wankin gargaɗi, ta karɓa. Shi ke nan. Gargaɗi ne kawai, Baba. Aikinki na nan, ɗakinki na nan."

Da farko ma ba ta gane ba, sai da maganar ta sake zagayowa a kanta.

"Kwalabena, ranka ya daɗe?"

"Na san kwalabenki. Wallahi na san su. Ba don ke aka rubuta ba, don su aka rubuta."

"In ban sa hannu ba fa?"

Bai ɗago ya dube ta ba. "To ba ni da ta cewa a kan abin da zai biyo baya. In suka fara tone-tone, har gidajen ma'aikata za su duba, wa ya cancanta, wa bai cancanta ba. Kin san ɗaki biyu na mai matsayin Dogo ne, ba na mai wanki ba. Ni na rufe ido a kai shekara tara. Ki je ki yi tunani, zuwa Alhamis."

Malama da ta ji, sai ta miƙe. Ta shiga ɗakin wanki da kanta, ta ɗebi kwalabe goma daga kanta ba tare da ta zaɓa ba, ta cika su da ruwan da aka dafa a tukunyar tururi, ta girgiza, ta shuka su a farantai goma. Washegari ta fito da su daga akwatin ɗumi ta jera a kan tebur. Goma ɗin nan tas, ko ɗigo babu. Ta ɗora su a tire ta kai ofishin Manaja. Ba ta yi minti biyar ba ta dawo da su, ta ajiye, ta zauna.

"Me ya ce?"

"Ya ce ya gani." Ta cire tabarau ta ajiye. "Mama, kada ki sa hannu. Ƙarya ce, kuma ga shaida."

"Shaidar wa zai duba?"

"Zan nuna wa masu binciken."

"In suka tafi fa? Ke kina da takardun makaranta, 'yata. Ko ina kika je za a ba ki kujera. Ni ina da Malam a gida ba lafiya, da ɗaki biyu, da burushi."

A gida, Dogo ya buga sandarsa a ƙasa ya ce ba za ta sa ba, ko da za su kwana a titi. Ya ce shi ya ba wurin nan ƙirjinsa, ba zai ba su mutuncin matarsa a kai ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi a hankali ina za su. Ɗansu ɗaki ɗaya yake haya da matarsa da jariri, a hawa na uku. 'Yarsu kuwa gidan miji take, a bakin magudanar. Dogo ya buɗe baki zai ba da amsa, tari ya sarƙe shi, ya yi ta yi har hawaye suka zubo. Ta riƙe masa kofi, tana shafa bayansa. Da tarin ya lafa, bai koma kan maganar ba, ita ma ba ta koma ba.

Ranar Alhamis ta je ta dangwala babban yatsa. Manaja ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Baba." Ta koma ɗakinta ta tarar da kwalabe goma sha takwas suna jiranta a kwami, ta wanke su yadda ta saba.

Masu binciken su uku ne, maza biyu da mace ɗaya. Suka zaga tankuna da hankici a hanci, suka shiga ofis suka daɗe. Malama ta kai musu farantanta goma, babbansu ya ce ai wannan bayan gargaɗi ne, ya nuna gargaɗin ya yi amfani. Daga nan macen ta ce a kai ta ta ga mai wankin. Ta shigo siririn ɗakin, Manaja da sauran suna cunkushe a ƙofa, har Gajere yana leƙe ta bayan kafaɗarsu. Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba, kuma ba da wulaƙanci ta zo ba, da fara'a ta zo, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Sannu Mama. Kada ki damu, kowa yana kuskure. Kawo in nuna miki yadda ake yi."

Ta naɗe hannun riga, ta ɗauki kwalba, ta zura burushi sau biyu, ta ɗauraye sau ɗaya, ta ɗaga. Ɗigo ya fi goma a maƙale a jiki, ga kumfa a gindi.

"Kin gani? Haka za ki riƙa yi kullum."

"Na gani, ranki ya daɗe. Na gode."

Gajere ya sulale ya bar ƙofar. Da suka watse, ta ɗauki kwalbar ta sake wankewa tun daga farko. Sai da ta kife ta a kanta sannan ta zauna a kan bokiti ta rufe fuska da gefen zane. Ba ta daɗe ba, domin tukunyar tururi ta fara kuka, dole a tashi a rage mata wuta.

Abin da binciken ya haifar shi ne katan-katan na kwalaben roba daga hedikwata, kowace a rufe cikin ledarta, a yi amfani da ita sau ɗaya a jefar. Hannun Mai Kwalba ba ya taɓa su. Aka ɗebi ruwan tankin ƙarshe da su, aka shuka, washegari farantan suka fito kamar an watsa yashi, yadda suke fitowa da. Ta jira ko wani zai zo ya ce mata wani abu. Sati ya wuce, wata ya wuce, ba wanda ya zo. Malama ta ci gaba da rubuta abin da ta gani ba ragi, kafin shekara ta zagayo aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa. Ranar tafiyarta ta rungume ta a bakin kwami, ta ce, "Ki yafe ni, Mama, ban iya komai ba." Ta ce, "Ke kuwa me kika yi? Allah ya kai ki lafiya."

Wanda ya maye gurbinta namiji ne mai gaisuwa a tsaye, ba ya nuna wa kowa faranti, in ya gama dubawa sai ya tura su ɗakin wanki a rufe cikin bokiti. Abin da yake rubutawa ba ta sani ba. Amma dole ita za ta buɗe bokitin, don haka kullum sai ta gani. Ta yi ƙoƙarin ta daina dubawa, idonta ya ƙi.

Ta koma yin abin da hannunta zai iya. Duk ranar hutu ta tafi gidan 'yarta, ta dafa musu ruwan sha ta cika tulu, ta yanke wa jikoki farce, ta yi ta faɗa a kan wasa a magudana har yaran suka sa mata suna Kaka Kar-ku-shiga. Latas ɗin da surukinta ke aiko mata kuwa ba ta sake cinsa ɗanye ba, dafa shi take har ya narke, Dogo yana cewa wannan ba ganye ba ne, tsumma ne. Labari ya koma wa surukin. Daga nan kwandon ya daina zuwa, gaisuwarsa ta gajarce. 'Yarta ta ce, "Inna, kin sa yana ganin kamar ƙazanta yake ciyar da mu." Ta ce ba haka take nufi ba. Abin da take nufin kuwa ba ta da ikon faɗa, tunda da yatsanta ta shaida cewa ruwan lafiya lau yake, kwalba ce mai datti.

Dogo ya rasu shekara biyu bayan haka, da hantsi, a kujerarsa ta bakin ƙofa. Bayan an share makoki mutane suka ce to yanzu ai sai ta huta, ta bar wurin warin nan. Ta nemi a mayar da ita wankin kayan gwaji a wani asibiti kusa da ɗanta. Aka karɓi takardunta, bayan sati uku aka dawo mata da su, aka ce akwai gargaɗi a fayil ɗinta a kan rashin tsafta, asibiti kuwa ba ya wasa da wannan. Ta dawo ɗakunanta biyu, waɗanda yanzu suka yi mata yawa. A shekarar ne aka zo da motar haƙa aka tona ƙaton rami a gefen tankin ƙarshe, aka kafa rodi, aka ce sabon tanki ne. Masu aikin suka tafi hutun sati guda ba su dawo ba. Ruwan sama ya cika ramin, kwaɗi suka tare a ciki.

Bara Manaja ya yi ritaya. Ranar da zai tafi, bayan an gama jawabai a gaban ofis, ya zagayo shi kaɗai ta bayan ɗakin gwaji ya tsaya a ƙofarta. Ya tsufa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tana tsaye a kwami, hannu cikin kumfa.

"Baba, na zo sallama."

"Allah ya sa a huta lafiya, ranka ya daɗe."

"Akwai abin da ke tsakaninmu. Ki yafe ni."

Ta ɗauraye hannu, ta goge a zane, ta juyo ta dube shi sosai, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya. Takardar fa? Za a cire?"

"Tana hedikwata, Baba. Abin da ya shiga can ba ya fitowa. Na tambaya."

"To."

Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai direba ya yi masa hon daga bakin ƙofa. Ya ɗaga mata hannu ya tafi.

Tana nan har yanzu. Saura shekara uku ta kai lokacin ajiye aiki, kuma ranar da ta ajiye za a karɓi makullin ɗakunan. Ɗanta ya ce kafin lokacin zai nemi gida a ƙasa, mai tsakar gida, ta ce Allah ya nufa. Gwiwoyinta sun fara ciwo, shi ya sa Gajere ya haɗa mata wata 'yar doguwar kujera da guntayen katako, tana zama a kai tana wanki. Da ya kawo ya ce kada ta ga ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo ta yi masa dariya, shi ba kafinta ba ne. Ta sa kwali a ƙarƙashin gajerun, kujerar ta zauna daidai.